Angurya a Buhun Kwanan Bukar

Makon jiya wasu samari uku suka tsaya a rumfata da ke gefen tashar mota a Ɗambatta, ɗaya yana riƙe da buhun kwana irin na gwanjo wanda zif ɗinsa ya mutu. Bikin abokinsu za su je a wani ƙauye, masauki ba zai ishe su ba, sai suka yanke shawarar kwana biyu a cikin mota, ga shi sanyi ya fara shigowa. Ina cikin duba zif ɗin, mai surutun cikinsu ya hango irin nawa a rataye, ya ce, "Baba, ai wannan ko ni zan iya. Ba bargo biyu ba ne a haɗe bakinsu?" Na ce masa ga basilla nan, Allah ya ba da sa'a. Suka yi dariya, ni ma na taya su. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda sana'ar nan take, saboda ku da kuke hango ta daga bakin titi.

Garba Mai Katifa ake ce mini. A hannun Malam Iro na koyi aiki, wani tsoho mai ƙarancin magana da ke ɗinka katifar auduga da matashin kai a ƙauyenmu. Shekara biyun farko ko taɓa keken ɗinki bai bar ni na yi ba. Aikina gurza da shiɓa. Gurza ita ce ka ɗora auduga a kan dutse mai sulɓi, ka murza ta da ƙarfe har ƙwayarta ta fita, ƙwayar nan ita ce angurya. Shiɓa kuma ka ɗauki ɗan baka ka riƙa kaɗa tsirkiyarsa a cikin audugar har ta tashi ta yi laushi. Ka yi wuni guda kana wannan, hancinka ya toshe, kafaɗarka ta riƙe, abin da ka tara bai cika matashi biyu ba. Da yamma Malam Iro zai zo ya rufe ido ya tura hannu cikin tulin. Idan yatsansa ya taɓa ƙwaya ɗaya tak, sai ya ɗora mini ita a tafin hannu ya tafi alwala. Ba ya zagi, ba ya duka, amma na san tulin nan gaba ɗaya zan sake bi. Sau ɗaya na tambaye shi ko ƙwaya ɗaya me za ta yi. Ya ce, "Ɓera yana jin ƙanshinta daga nesa. Ka ɗinke ta a cikin kayan mutum, to ka gayyato masa shi ke nan." Ku riƙe wannan, domin kada wani ya ce ban sani ba.

Malam Iro ya rasu ya bar mini kekensa da bakan shiɓa da almakashi, na kafa rumfa a bakin tasha. Ban daɗe ba shekarun wahala suka shigo. Damina ta yi gardama sau biyu a jere, gero bai yi ba balle auduga. Wanda bai ƙoshi ba ba ya tunanin katifa, masu ɗan hali kuma sun koma ta soso. Sa'annina suka watse ci-rani, wasu Kano, wasu kudu. Sau biyu wani tela yana taya kekena, ina ce masa ba na sayarwa ba ne. Na ƙudurta a raina ko matashi ɗaya zan ɗinka a mako, a rumfar nan za a same ni.

A cikin wannan hali mai ya yi wuya. Direba zai kai motarsa layin gidan mai ya yi kwana biyu, uku, kafin ya samu. Ba dama ya tafi gida ya kwana, in ya matsa an cinye masa layi, ko ya dawo ya tarar an kwance batir. Wata safiya Bukar direba ya shigo rumfata yana tari. Kakansa ne ya zo daga ƙasar Barno ya zauna a nan, shi kuwa nan aka haife shi, yana jan ƙaramar bas tsakanin Ɗambatta da Kano, kuma da motar nan gidansu duka yake ci. Dogo ne siriri, mai son raha, yana da ciwon ƙirji tun yana yaro.

Ya ce, "Garba, sanyin layin mai zai kashe ni. Na lulluɓa da bargo, ina juyawa ya zame. Sanyin ma ta ƙasa yake shigowa, ta ƙarfen mota. Ɗinka mini wani abu kamar buhu in shige ciki in ɗaure bakinsa."

Na ce, "Ka zama buhun gero ke nan?"

Ya ce, "Gero ai yana da daraja bana. Amma ka ji, aljihuna ba nauyi. Ba kullum zan kwana a ciki ba, sai ranar da layi ya kama ni. Kada ka yi mini na masu kuɗi."

Ban taɓa ɗinka irinsa ba. Na bi shi mota, na sa ya miƙe a kujerar baya, na auna shi da igiya daga kai zuwa dunduniya, na ƙara taƙi ɗaya don ƙafa ta samu wurin motsi. Na sa hannu a ƙasan kujera na ji inda iska take hurowa. Na ciki na yi shi da buhunan fulawa da aka wanke, na waje da yadin akoko. Na zana gida-gida da alli, kowane gida taƙi ɗaya, domin in ba ka ɗinke auduga a gidaje ba, kwana uku za ta gangara ta taru a ƙafa ta bar ƙirji a buɗe. A wuya na sa mazagi kamar na wando, babu zif balle ya mutu. Har nan aikin ba shi da aibu.

Audugar ce ta gagara. Mai tsabtar da ta rage mini ba ta wuce rabin buhu ba, ta kasuwa kuma tsadarta ta fi ƙarfin abin da Bukar zai iya. Ranar kasuwa na ga wani mutum da auduga mai arha wadda aka yi wa gurzar ganin dama, angurya cike da ita. Na tsaya a kanta na daɗe. Gurzarta za ta ci mini kwanaki, kuma in na cire ƙwayar abin da zai rage bai taka kara ya karya ba. Sai na saya, na ɗan bubbuge ta da sanda, na shimfiɗa mai tsabtar a ɓangaren da zai kwanta a kai don kada ƙwaya ta tokare shi, mai anguryar kuma na zuba ta a sama da wajen ƙafa. Ba kuskure ba ne. Ina yi ina tuna Malam Iro, na ci gaba da yi.

Da Bukar ya zo karɓa, ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ce, "Kai! Wannan da nauyi yake. Sanyi ya shiga uku." Bayan kwana biyu ya dawo daga layi yana ba da labari a tasha cewa har gumi ya yi. Kafin mako biyu direbobi takwas sun sa na yi musu. Kowa ya zo sai ya ɗaga ya jijjiga, wanda ya fi nauyi shi ake rububi. Da na ga nauyi suke so, na ƙara musu mai angurya. Tukunyar gidana ta koma kan wuta sau biyu a rana, na fara ganin kaina mai dabara.

Sai mai ya samu na 'yan makonni. Kowane direba ya naɗe buhunsa ya cusa ƙarƙashin kujerar baya, inda hatsin fasinjoji yake zubewa, ya manta da shi. Ni kuma ban ce wa kowa ya rataye nasa ba, domin in na faɗa sai an tambaye ni dalili. Da wahalar ta dawo, ta dawo ne a tsakiyar sanyi. Bukar ya shiga layi a kusa da Kano, da magariba ya jawo buhunsa ya warware, auduga ta zubo masa a ƙafa. Ɓeraye sun huda shi ta ko'ina, sun cinye ƙwayar, sun yi sheƙa a ciki, zarninsu ya hana a kusance shi. Bargonsa kuwa ya bar wa 'ya'yansa a gida tun da ya samu buhu. Ba zai iya barin layi ba. Kwana biyu ya yi da riga da 'yar shara. A rana ta uku wani ne ya tuƙo motar, Bukar yana kwance a baya numfashi yana yi masa wuya, aka wuce da shi asibiti.

Ni ban ji ba sai da Alhaji Sale, shugaban direbobin tasha, ya zo da hantsi ya jefa ragowar buhun a gaban kekena. Mutane suka taru. Ya tsuguna ya tsinci ɓawon angurya daga cikin tsummar, ya ɗaga sama.

Ya ce, "Garba, mene ne wannan?"

Na ce, "Angurya ce, Alhaji."

"Ka san tana ciki?"

Da na so, da na ce mai audugar ne ya cuce ni, kuma da an yarda. Na ce, "Na sani. Ni na zuba."

Ya ce, "To ka kwashe kekenka. Ba za ka zauna a bakin tasharmu kana kwantar mana da mutane ba."

Tashi daga wurin nan shi ne ƙarshen sana'ata, domin duk wanda zai kawo mini aiki ta tashar nan yake bi, kuma labari ya riga ni zuwa kowace kasuwa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Amma na ce, "Alhaji, ka ba ni kasuwa biyu. In ban gyara ba, da kaina zan ɗauki keken." Ya ce saboda Malam Iro ya ba ni, ba don ni ba.

Tattaro buhunan nan takwas ya fi ɗinka su wuya. Wani ya jefo mini nasa ta tagar mota bai ko dube ni ba. Wani ya ce ya ƙone nasa, sai da na yi ta magiya matarsa ta fito da shi daga bayan ɗaki. Na ƙarshe yana wajen wani direba da ya koma gida can wajen Dawakin Tofa, na ari keken hawa na je na dawo a yini ɗaya, buhun ɗaure a bayana. Uku daga ciki ɓera ya riga ya fara. Na zauna na farke kowanne, gida bayan gida, da bakin almakashi, ina adana zaren saboda ba ni da na sake saye. Mahaifiyata, Inna, ta ɗauko dutsenta na gurza da ta daɗe da ajiyewa ta zauna kusa da ni. Ba ta yi mini faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Aikin da ka guje wa na kwana huɗu, ga shi ya dawo maka na kwana goma sha huɗu." Tana gurza ina shiɓa, daga asuba har hasken rana ya ƙare. Ƙwayar da muka cire muka riƙa tarawa a kwano, har ya cika muka ɗauko na biyu.

Da muka gama, audugar ta ragu sosai, na Bukar kuwa ba abin da za a ceta a ciki. Ba ni da kuɗin sayen mai tsabta. Abin da nake da shi katifar ɗakina ce, wadda Malam Iro ya ɗinka mini da hannunsa lokacin aurena, audugar da babu ƙwaya ko ɗaya a cikinta. Na ji ciwon farke ta, ba zan ɓoye ba. Na farke ta, na shanya audugar a rana, na sake shiɓe ta, na cike na mutum takwas, na ɗinka wa Bukar sabo dal, na ninka masa wajen ƙirji da ƙafa. Ragowar sanyin shekarar nan a kan tabarma muka yi shi ni da iyalina.

Ranar kasuwa ta biyu na ɗauko su tara na kai rumfar direbobi da sassafe. Na farko da ya ɗaga nasa ya ce, "La'ilaha! Ya sake cutar mu. Ji yadda ya koma sakayau, ya kwashe rabi!" Hayaniya ta tashi. Na ɗauko kwanukan nan biyu na ajiye a gaban Alhaji Sale, na ce, "Ga nauyin da kuke so nan. Ɗaga ka ji." Ya ɗaga. Na ce, "Wannan ba ta taɓa ɗumama kowa ba. Iskar da ke cikin audugar da aka shiɓe ita ke riƙe ɗumi. Na ga nauyi kuke so, na sayar muku da shi, laifina ne." Amma ba wanda ya ɗauki buhunsa.

Sai ga Bukar an riƙo shi. An sallame shi kwana uku da suka wuce, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya zauna a benci, na ajiye sabon a cinyarsa. Bai ɗaga ba, bai jijjiga ba. Ya ce a ba shi reza. Wani mai aski ya miƙo masa. Ya sa ta a wajen ƙafa ya tsarge ɗinkin da na kwana biyu ina yi, tun daga ƙasa har tsakiya. Ya tura hannu yana murza audugar da yatsu, gida bayan gida, yana tsayawa ya yi tari ya ci gaba. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Da ya gama wannan ɓangaren ya juya ya tsarge ɗayan. Can ya zare hannunsa, ya buɗe tafin ya nuna wa Alhaji Sale, babu komai. Ya juyo gare ni ya ce, "To, ɗinke."

A nan ƙasa na zauna, a gaban kowa, na zare basilla daga hulata na ɗinke shi. Kafin in gama, direbobi sun fara ɗaukar nasu ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Sale bai ce in zauna ba, bai kuma sake cewa in tashi ba, ya dai sa aka kai wa shanunsa anguryar.

To ku masu neman na arha don kwana ɗaya ko biyu a mota, ga abin da na sani. Kada nauyi ya ruɗe ku. Kada kuma ku zuba kuɗi a kan mai kauri irin na ƙasashen ƙanƙara, sanyinmu bai kai nan ba, cikin dare za ku fito daga ciki kuna gumi iska ta buge ku. In na gwanjo ne, ku ɗaga shi a rana ku duba, duk inda haske ya ratsa to abin cikin ya gudu daga nan. Ku sansana, in yana warin ruma ku ajiye. Ku ja zif sama da ƙasa sau uku, ku duba wajen ƙafa, can yake fara mutuwa. Ku shimfiɗa ko kwali ne a ƙarƙashinku, saboda sanyin mota ta ƙasa yake zuwa. Abin da ya fi duka, kayan da ake amfani da shi sau biyu a shekara ba kwanciya ke kashe shi ba, ajiya ce. In kun dawo ku shanya shi, ku rataye a ƙusa, kada ya kwana a ƙarƙashin kujera.

Ni na tsira da rumfata, ga ni a cikinta har yau. Bukar bai tsira da ƙirjinsa ba. Bai sake iya kwanan layi ba, daga baya tuƙin ma ya gagare shi, ya sayar da motar ya koma ɗan kamasho, yana kiran fasinja a tashar nan. Shekaru masu yawa ina buɗe rumfa da safe ina jin muryarsa yana kiran "Kano, Kano," yana yankewa da tari. Duk direban da ya yi kukan sanyi, wurina yake turo shi. Yana zuwa mu sha shayi, yana tsokanata da buhun gero, bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya har Allah ya karɓi abinsa. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Samarin nan na makon jiya, zif ɗinsu bai gyaru ba, sai mai surutun ya ce bari ya ɗauki nawa ɗaya tun da ya fi arha. Ya sauke shi daga ƙusa, ya ɗaga ya jijjiga, kamar yadda kowa yake yi. Sai ya lura da wajen ƙafa ya ce, "Baba, ai ba ka gama wannan ba, ga taƙi guda a buɗe."

Na ce, "Duk nawa haka suke. Ba na rufewa sai mai shi ya duba. Sa hannunka."

Ya ce, "Haba Baba, ai na yarda da kai."

Na ce, "Bukar ma ya yarda. Sa hannunka."